Amsa: Shin faifan farko na King Crimson ya kai yadda ake zuzuta shi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko In the Court of the Crimson King, faifan farko na King Crimson, ƙungiyar makaɗan rock ta Ingila, ya cancanci yabon da ake masa, ko kuwa daɗewa ce kawai ta ba shi daraja. A wajena ya cancanta ƙwarai.

A watan Oktoba na 1969 ya fito a Ingila, waƙoƙi 5 kacal ne a ciki. Saurari ta farko, "21st Century Schizoid Man". An murɗe muryar Greg Lake da na'ura har ta koma kamar ihu cikin fasasshiyar lasifika. Jitar Robert Fripp da saksofon (wani abin busa) na Ian McDonald suna gudu tare, su tsaya cak lokaci guda, su sake zabura, Michael Giles na biye da su a kan ganguna ba ya saɓa bugu ko ɗaya. Kanye West ma ya ɗebi wani yanki nata a waƙarsa "Power" a 2010.

Kana fita daga wannan hayaniya sai sarewa mai sanyi ta "I Talk to the Wind" ta tarbe ka. Amma ni "Epitaph" ce ke ratsa ni: melotiron, kayan kiɗa mai madannai da ke fitar da sautin goge daga zaren kaset, ya cika ko'ina, baitukan Peter Sinfield kuwa cike suke da fargabar halakar duniya.

Inda ake kuka da faifan shi ne "Moonchild", domin bayan 'yar gajeriyar waƙa mai daɗi sai su shiga kaɗe-kaɗen gwaji na kusan minti 10. Kukan na da hujja. Duk da haka ka saurare shi a jere, kada ka tsallake komai a karon farko.