Tambaya da Amsa: Awa Nawa Ne Daga Kano Zuwa Guangzhou?

Tambaya: Malam, zan yi tafiyata ta farko zuwa Guangzhou saro kaya. Tikitin ya nuna zan tashi Kano ƙarfe ɗaya na rana, in sauka ƙarfe uku na rana washegari. Wato awa 26 ke nan zan yi a hanya? Kuma me ya sa lokacin dawowa ya fi na tafiya gajarta? Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano.

Amsa: Alhaji, Allah ya kai ka lafiya. Agogo ne ya ruɗe ka. Duk lokacin da ke jikin tikiti na garin da aka ambata ne, kuma agogon Sin yana gaban na Najeriya da awa 7. Cire 7 daga 26, saura 19. Ga tafiyarka nan.

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Baiyun a Guangzhou akwai kusan kilomita 11,000 a miƙe. Babban jirgi yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa, don haka da zai tafi kai tsaye, awa 13 za ta ishe shi. Amma sai an ya da zango. Idan ta Addis Ababa ce, zangon farko kilomita 3,300 ne, kamar awa huɗu da rabi. Za ka sauka bakwai da rabi na dare a agogon Habasha, wanda ke gabanmu da awa 2. Idan jirgi na biyu ya tashi tsakar dare, ka yi zaman jira na awa huɗu da rabi, sannan kilomita 8,000 a sama, wajen awa 10.

Batun dawowa kuwa, takarda ce kawai ke nuna gajarta, domin wannan karon agogo baya ake mayar da shi. A zahiri dawowar ta kan fi daɗewa. Can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, musamman lokacin sanyi. Tana tura mai zuwa Sin, tana kuma tare mai dawowa, har ta ƙara masa awa guda ko fiye.

Inda matafiya suka fi shan wuya shi ne wurin canjin jirgi. Kada ka yarda da tikitin da jiransa bai kai awa 2 ba. Ɗan jinkiri a Kano ya isa ya sa jirgi na biyu ya tafi ya bar ka, ko kai ka shiga jakarka ta kwana. Kuma ka tabbatar wakilin da ya yankar maka tikiti ya haɗa zangon biyu a tikiti ɗaya. Idan rabe suke, kamfani na biyu ba ruwansa da latinka, sabon kuɗi za ka biya. Arhar irin wannan tikitin ba ta kai haɗarinsa ba.

Tambaya: Da can awa biyar ake yi daga Kano zuwa Jidda, amma alhazan 2023 sun ce sun fi haka daɗewa. Me ya jawo? Daga wata Hajiya a Zariya.

Amsa: Hajiya, nisan bai canza ba, kilomita 3,400 ne. Miƙaƙƙiyar hanyar ta Chadi da Sudan take bi ta tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jiragen alhazai suka riƙa zagaye. Zagayen ne ya ƙara awoyi da man jirgi, kamfanonin jirage ma suka ƙara kuɗin jigilar alhazai.