Maigidana Yana So In Sayar Da Gwal Ɗina Mu Sayi Gida A Masaka

Assalamu alaikum Anti. Ya gida, ya ƙoƙari? Allah ya saka miki da alheri.

Ni matar aure ce, shekarata 34, 'ya'yanmu uku. Ina aikin jinya a wani asibiti a Garki, nan Abuja, maigidana kuma ma'aikacin gwamnatin tarayya ne. Shekara tara ke nan muna haya a Gwarimpa, ɗaki biyu da falo. Watan jiya mai gidan ya aiko da takarda wai haya ta tashi daga naira miliyan 2 zuwa miliyan 3, in ba za mu iya ba mu miƙa masa makullinsa. Tun ranar Baban yara bai ƙara samun barcin kirki ba.

Ana nan sai wani dillali ya kai shi Masaka, wani gari a wajen Abuja kan hanyar Keffi, ya nuna masa gida mai ɗaki uku, da katanga da rijiyar burtsatse, a kan miliyan 20. Duk abin da muka tara, har da kwasar adashena, miliyan 13 ne. Shi ne yake so in sayar da gwal ɗin da na gada wurin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, a cike sauran. Dillalin ya ce a kawo kafin alƙalami cikin mako biyu, don akwai wani Alhaji da ke zawarcin gidan.

Anti, wallahi ni ma na gaji da haya. Amma ina karɓar aiki ƙarfe bakwai na safe, wani makon kuma kwana nake yi. Yara sun saba da makarantarsu da Islamiyyarsu, kuma ban san kowa a can ba. Da na faɗa masa haka sai ya ce na fi son zaman birni a gidan wani a kan zama a gidan kaina. Maganar ta sosa min rai. Yanzu daga gaisuwa ba ma wata hira. Shin son zuciya ne ke damuna? In na hana gwal ɗin gidan ya kuɓuce, anya zai yafe min?

Daga ƙanwarki a Abuja.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama, ya kai haske kabarinta.

Ba son zuciya ba ne. Kuma mijinki ma ba laifi ya yi ba da ya so ya raba ku da haya. Namijin da aka aiko wa takarda aka ce ya biya ko ya fita da iyalinsa, akwai abin da ke cin sa a rai wanda ba zai iya furtawa ba, shi ya sa maganar ta fito masa da kaifi. A ganina yana da gaskiya a kan manufa: miliyan uku-uku duk shekara a aljihun wani, bayan shekara bakwai kun biya kuɗin gidan Masakan har da ɗori, kuma ko bulo ɗaya ba naku ba ne. Inda ban bi shi ba shi ne gaggawar. Wancan Alhajin da ke zawarcin gida, kusan duk wanda ya taɓa zama da dillali ya ji labarinsa. Ko da gaske ne, gidan sayarwa bai ƙare a Masaka ba.

Mu fara da hanya, don ita ce za ku biya kullum bayan an gama biyan gida. Daga Masaka sai kin ratsa Ado da Mararraba da Nyanya da gangaren Kugbo kafin ki kai mahaɗar A.Y.A. da ke Asokoro a cikin Abuja, kuma duk mazaunin Abuja ya san yadda titin nan na Keffi yake cushewa da sassafe da kuma bayan la'asar. Wadda za ta karɓi aiki ƙarfe bakwai, sau da yawa ana idar da sallar asuba take kama hanya. Dillali kuwa ranar Lahadi da hantsi yake kai mutum ganin gida, lokacin da titi yake fayau. Saboda haka kafin ku ba da ko sisi, ku gwada rayuwar. Ku sami ɗan'uwa ko abokin aiki a yankin ku kwana biyu ko uku a ranakun aiki, ku fito a lokacin da za ku riƙa fitowa, ku dawo a lokacin da za ku riƙa dawowa, ki rubuta awa nawa da naira nawa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Misali, in ku biyun za ku ƙara kashe naira 5,000 a rana, kwana 22 a wata, a shekara ya haura miliyan 1 da dubu 300. Har yanzu bai kai hayar Gwarimpa ba, wannan hujja ce a hannun mijinki. Amma lissafin bai haɗa da gajiyar wadda ta kwana a tsaye a kan marasa lafiya ba, bai kuma ce wa zai karɓi yara in sun taso alhali ku biyun kuna cikin cunkoso ba. Wannan hujjarki ce, kuma mai nauyi ce. Ki fara tambaya tun yanzu ko za a iya daidaita miki lokutan aiki, ko akwai asibitin da ya fi kusa, a Karu ko Nyanya.

In da hali ku ga unguwar bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi. Nan za ku san ko mota na shiga layin, da inda ruwan kwata yake bi. Ke kuma ki shiga gidajen maƙwabta ki gaisa da matan. Su za su faɗa miki gaskiyar wutar lantarki da tsaro da Islamiyyar da ke kusa, abin da ba za ki ji a bakin mai neman la'ada ba.

Sai takarda. Masaka tana ƙaramar hukumar Karu ne a jihar Nasarawa, ba a cikin Abuja ba, don haka bayanin filin yana wurin NAGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma gidan da ke da takardar shaidar mallaka ba a sauya masa mai shi sai da amincewarsa. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tana da amfaninta, amma ita kaɗai ba ta isa a zuba miliyan 20 ba. Ku ɗauki lauyanku, ba wanda dillali ya kawo ba, ya bincika sunan wa ke kan filin, ko an jinginar da shi a banki, ko yana kan hanyar da gwamnati ta shata ko ƙarƙashin manyan wayoyin wuta. In gidan gado ne, a ga dukkan magada ido da ido. Kuɗi kuma ta banki, zuwa asusun mai gidan kansa.

Yanzu gwal ɗinki. Dukiyarki ce, Musulunci bai ba miji iko a kanta ba sai abin da kika bayar da daɗin rai. Kuma na fahimci ba nauyinsa a ma'auni ne kawai ke riƙe ki ba, hannun Mama ne a jikinsa. In kin yarda ki sayar, ki zaɓi ɗaya tun kafin a kai shi kasuwa: ko bashi ne, ko hannun jari. In bashi ne a rubuta da shaidu da lokacin biya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu kunya a ciki. In jari ne, miliyan 7 cikin 20 ya haura kashi ɗaya bisa uku, ban da adashenki, sai sunanki ya shiga takardar gida gwargwadon abin da kika zuba. Na sha karɓar wasiƙun matan da suka sayar da sarƙa da awarwaro aka yi gini, da mutuwa ko saki ko kishiya ta zo, ba su da abin nunawa sai hawaye. Ba ina zargin mijinki ba ne. Rai ne ba ya sallama, kuma magada takarda suke dubawa. Ki kuma ware ko zobe ɗaya ki ajiye wa 'yarki.

Kafin nan ma mijinki ya duba wata ƙofar. A matsayinsa na ma'aikacin tarayya, da alama ana cire masa kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa zuwa asusun gidaje na ƙasa, wanda ke ba da rance ta bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya. Rancen yana da kuɗin ruwa kashi 6, sai ku tambayi malami a kansa. Akwai kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da TAJ, ya je ya ji sharuɗɗansu.

Daren yau, bayan yara sun kwanta, ki kai masa shayi ki zauna kusa da shi. Ki fara da cewa kin ga ɗawainiyar da yake yi, kuma ke ma gidan kanku kike so. Sannan ki roƙe shi abu uku: gwajin hanya, binciken lauya, da rubutu a kan gwal. Ku nemi mai gidan hayar ya karɓi kuɗin wata shida don ku sami sarari, ku kuma yi istihara ku biyun. In ya ƙi sauraro, ki sa babban wansa ko wani dattijon da yake jin nauyi ya zauna da ku.

Ki sake rubuto min bayan lauya ya dawo daga NAGIS, ina son jin abin da ya tarar. Allah ya zaɓa muku mafi alheri.