Cokulan Ingila: azurfa ce ko shafe?

Hajiya, kina tambaya ko cokulan da kika gada azurfa ce ko shafe aka yi musu. Juya bayan mariƙin, ki ƙura wa ƙananan tambarin ido. Zaki mai tafiya, ƙafa ɗaya a ɗage, shi ne shaidar azurfa kashi 925 cikin 1000, kuma tun 1544 ake buga shi. Wani tambarin yana nuna garin da aka gwada azurfar: kan damisa na Landan ne, ƙugiyar jirgin ruwa ta Bamingam. Harafin da ke gefe yana nuna shekarar da aka buga tambarin. In kika ga haruffan EPNS kuwa, shafen azurfa ne kawai a kan wani ƙarfe.

Don Allah kar ki dirje su da toka ko soson ƙarfe, tambarin zai goge, daraja ta faɗi. Kafin ki sayar, nemi masanin kayan tarihi, domin maƙeri nauyi kaɗai zai saya.