Ko za mu tura masa sammacin ta waya mu huta?

Ɗana, jiya da muke dawowa daga gidan mutumin nan da muka yi wa sawu huɗu ba mu same shi ba, ka miƙo min wayarka ka ce, "Malam, ga shi nan fa, ɗazun nan ya sa hoto a Facebook. Me zai hana mu ɗauki hoton sammacin mu tura masa mu huta? Kuma in har ana yin haka, anya aikin nan namu na kai takardun kotu zai ƙara shekara goma?" Na ce ka bari mu sauka tukuna, don amsar ta fi ƙarfin hirar kan hanya.

Kada ka tura. Ba wai ba a yi ba ne, ana yi, kuma kullum ƙaruwa yake. Amma wanda zai ce a yi ɗin alƙali ne, ba kai ba, ba ni ba.

Ka fara riƙe dalilin da ya sa ake aikenmu. Kotu ba ta da hurumin yanke wa mutum hukunci sai ta gamsu cewa ya san ana ƙararsa, an kuma ba shi damar zuwa ya kare kansa. Takardar da ke jakarka hanya ce kawai ta isar da wannan sanin. Abin da ya sa miƙawa hannu da hannu ta zama asali shi ne tana kashe gardama: na gan shi, na tambayi sunansa ya amsa, na ba shi, ya karɓa ko ya yar wannan ruwansa. Zuwa da kai ya fi saƙo. Sai hakan ta gagara ne lauyan mai ƙara zai roƙi kotu ta yarda a bi wata hanya, a liƙa a ƙofa, ko a ba wani baligi na gidan, ko a buga a jarida. To a yawancin ƙasashe ta wannan ƙaramar ƙofar imel da shafukan sada zumunta suka shigo, ba ta babbar ba. Ko jihar Texas ta Amurka da ta rubuta su ƙarara cikin ƙa'idojin kotunanta a ƙarshen 2020, sai ka fara nuna cewa ka nemi mutumin ido da ido ka rasa.

Bari in ba ka labarin da nake ba duk yaron da ya ce min "ai ya gani". A Ingila wani mutum da ke tsaya wa kansa ba lauya ya shigar da ƙara, sai ya tura takardar ƙarar ta imel ga lauyoyin ɗaya ɓangaren ana saura kwana ɗaya wa'adinta ya cika. Ta isa, babu wanda ya musa cewa ta isa. Amma ƙa'idar can ta ce sai wanda za a tura wa ya riga ya nuna a rubuce cewa zai karɓi takardu ta imel, shi kuwa bai tambaya ba. A 2018 Kotun Ƙolin Birtaniya, alƙalai uku a kan biyu, ta ce ba a kai takarda ba. Kafin nan lokacin sake shigar da ƙarar ya wuce, shari'ar ta mutu tun ba a taɓa zancen wa ke da gaskiya ba. Wannan fa lauyoyi ne da ofis da adireshi sananne. Ina ga kai da za ka jefa hoton sammaci cikin akwatin saƙon wanda ke ɓoye mana?

Ni dai ba na cikin tsofaffin da ke ƙyamar abin. Tun ina kamarka na san bugawa a jarida rufa-ido ce; wa ke bin ƙananan sanarwar shafin baya yana neman sunansa? A 2015 wani alƙali a New York, Matthew Cooper, ya faɗi kusan haka a shari'ar wata mata da ke neman rabuwa da mijinta. Mijin ba shi da tsayayyen adireshi, ta waya da Facebook kawai suke magana. Alƙalin ya yarda lauyanta ya tura sammacin ta saƙon sirri na Facebook, sau ɗaya a mako har mako uku a jere, ita kuma ta kira shi ta kuma yi masa tes ta gaya masa ya duba. Wannan ya fi jarida kusa da gaskiya nesa ba kusa ba. Tun 2002 ma wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta amince da imel a kan wani kamfanin caca na intanet da ke Kosta Rika, saboda kamfanin da kansa ya mayar da imel ƙofarsa guda.

Inda aikin yake da wuya shi ne abu biyu da alƙali zai so ya ji kafin ya sa hannu: shafin nan nasa ne, kuma yana shiga? A Disamban 2008 wata kotu a Kanbera ta Ostareliya ta yarda a sanar da wasu mutum biyu hukuncin bashin gida ta Facebook. Ba don suna ya yi daidai kawai ba. Lauyoyi sun nuna cewa ranakun haihuwa da ke shafukan sun dace da waɗanda ke takardar neman bashin, kuma mutanen biyu abokan juna ne a shafin. A 2012 kuwa wani banki ya roƙi irin wannan a kotun tarayya da ke New York, alƙalin ya ƙi, ya ce kowa na iya buɗe shafi da sunan gaskiya ko na ƙarya, ba a kawo masa abin da ke ɗaure shafin da matar da ake nema ba. Ya tura su jarida. Hanya ɗaya, amsa biyu, bambancin yana ga abin da aka tara aka kai gaban alƙali.

Na ɗanɗana wannan da kaina. Wani lauya ya taɓa kawo min umarnin kotu da adireshin wani shafi, na tura, na rubuta rantsuwa, aka yanke hukunci a bayan idon mutumin. Watanni bayan haka ya bayyana da nasa lauyan. Ashe shafin na ɗan'uwansa ne da suke suna ɗaya, hoton da ke kai kuma na taron dangi ne da dukkansu ke ciki. Aka soke hukuncin, aka koma farko, ni kuma na tsaya a akwatin shaida ana tambayata ta yaya na san shi ne. Ba ni da amsa. Kama da wane ba ta wane. Tun ranar, ko da umarni a hannuna sai na bi shafi na ga lambar waya ko imel ko wurin aiki da ya dace da abin da ke fayil, in kuma ga yaushe ya yi motsi na ƙarshe. Shafin da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba kango ne, liƙa takarda a kango kuwa ka san hukuncinsa.

Sai maganar shaidar isa. Ka ji ana zancen shuɗin tik na WhatsApp. Gaskiya ne, a 2018 Babbar Kotun Bombay a Indiya ta karɓi sanarwar da aka tura ta WhatsApp saboda alamomin sun nuna an buɗe saƙon da takardar da ke maƙale. Amma kada ka jingina da shi da yawa. Ana iya kashe alamar, yaro na iya buɗe wayar ubansa, lamba na iya komawa hannun wani. Imel na faɗawa kwandon tarkace. Saƙon wanda ba abokinka ba a Facebook yana tafiya wani akwati dabam da mutane da yawa ba su san da shi ba. Ga kuma 'yan damfara sun koya wa kowa tsoron buɗe takardar da baƙo ya turo, musamman mai cewa daga kotu take. Shi ya sa nake rubuta sunan kotu da lambar shari'a da ranar zama a cikin saƙon kansa, kada komai ya dogara ga buɗe abin da aka maƙala. Ita ma Kotun Ƙolin Indiya da ta buɗe wannan hanya a Yulin 2020 lokacin korona, ta ce wanda ya tura ta WhatsApp ko Telegram ya haɗa da imel a rana guda.

Rantsuwarka ma ta canja. Da kana rubuta ina, yaushe, wa ka samu. Yanzu za ka ƙara daga wane asusu ka tura, zuwa wane cikakken adireshi, ƙarfe nawa, da hoton allo da ke nuna duk wannan, kuma kada ka goge asalin saƙon. Abin da umarni ya ce shi za ka yi, in ya ce sau uku kada ka yi biyu. Kada ka buɗe shafin ƙarya da hoton mace don ya karɓe ka abota, lauyansa zai yi murna da hakan. Kuma kada ka liƙa sammaci a bainar shafinsa inda surukansa za su gani sai in kotu ce ta ce. An aike ka ka sanar da shi, ba ka tozarta shi ba.

In mutumin yana wata ƙasa, cire hannunka ka mayar wa lauya. Akwai yarjejeniyar Hague ta 1965 a kan aika takardun kotu ƙetare, ƙasashe irin su Sin da Jamus da Indiya sun ƙi a aika wa mutanensu ta gidan waya, alƙalan Amurka kuma har yanzu kansu bai haɗu ba a kan ko wannan ƙin ya shafi imel.

Tambayarka ta biyu. Wani sashe na aikin ya tafi, kuma ba zai dawo ba: takardun da lauyoyi ke musaya bayan an fara shari'a, da sanarwar ranar zama, waɗanda da nake cika jaka da su. Wani sashen kuma da can babu ƙafar da za ta kai shi. A 2022 wata kotun New York ta yarda a jefa sanarwa cikin asusun kirifto, wato kuɗin intanet, na ɓarayin da ba a san ko sunansu ba. Wannan ba abincinmu aka ɗauke ba. Amma sammacin farko, da ƙwace kaya, da tashin mai haya, da dattijon da ba ya karanta saƙo, duk suna nan suna jiran mai zuwa da kansa. Kuma ko umarnin turawa ta waya ba ya fitowa sai da rantsuwar wanda ya yi sawu ya rasa.

Don haka gobe ka zauna ka rubuta zuwanmu huɗun nan, kowanne da rana da lokaci da wanda ya buɗe ƙofa da abin da ya ce. Ka ɗauki hoton shafin da adireshinsa, ka duba ko lambar da ke kai ita ce ta cikin fayil, mu kai wa lauya ya shirya roƙonsa. Kafin nan sake buɗe hoton da ka nuna min. Filin ƙwallo ne a bayansa, kuma na ga makon jiya ma ranar Asabar ya sa irinsa. Ka zo da sammacin ranar Asabar ƙarfe bakwai na safe.