Inshorar gida bayan an yi tsaiko: shekara nawa zan rubuta a fom?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina zaune a Birmingham ta ƙasar Ingila. Shekara 7 ina biyan inshorar gidana ban taɓa neman diyya ba. Da jikin mahaifiyata ya tsananta sai na koma Kano jinya, inshorar ta ƙare, ban sabunta ba har shekara 2. Yanzu zan sake yi, fom yana tambayar shekarun da na yi ban nemi diyya ba, kuma yawansu ne ke jawo rangwame. Ya halatta in rubuta 9? Ko lokacin da ba na nan ban nemi komai a hannun kowa ba, bututun ruwan da ya fashe da sanyi ya ɓata silin ma da kuɗina na gyara. Wani abokina ya ce kada in damu, dukiyar waɗannan kamfanoni halal ce gare mu a wurin Imam Abu Hanifa.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri kan jinyar mahaifiya, ya sa ka same ta a mizani.

Asalin inshorar ba shi ka tambaya ba. Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta haramta inshorar kasuwanci a 1985, ta halatta ta taimakekeniya wato takaful, kuma malamai da yawa sun yi sauƙi ga wanda aka wajabta wa ita ko buƙata ta matsa masa bai sami takaful ba. Haramcin ƙarya a ciniki kuwa ba ya buƙatar in kawo maka dalili.

Abin da ya tsayar da ni a tambayarka shi ne bututun nan da ka ambata kamar abin wucewa. A kansa hukuncin yake. Fom ɗin inshorar gida a Ingila yawanci tambaya biyu yake yi. Ɗaya kan shekarun rashin neman diyya, ɗaya kan ko wata asara ko ɓarna ta sami gidan a shekarun baya, galibi 5, ko an nemi diyya ko ba a nema ba. In fom ɗinka yana da wannan ta biyun, wajibi ne ka faɗi fashewar bututun. Cewa da aljihunka ka gyara bai mayar da ita abin da bai faru ba. Kamfanin so yake ya san halin gidan kafin ya yanke maka farashi, kai kuma ka san abin da yake nufi.

Game da ta farko, koma ka karanta lafazin a hankali. In ya ce shekarun da ka yi kana da inshora ba ka nemi diyya ba, amsarka 7 ce, domin wanda ba shi da inshora ba a yaba masa da rashin neman diyya. In lafazin a sake yake, bai ɗaure da samun inshora ba, 9 ba ƙarya ba ce. Amma kada ka zaɓi fassarar da ta fi maka arha ka yi shiru. Annabi (SAW) ya ce rantsuwa tana kan niyyar mai rantsarwa, kuma haka duk bayanin da ake gina haƙƙin wani a kansa. Buga musu waya, ka faɗi tsaikon shekara 2, ka tambaye su abin da za ka rubuta, ka nemi amsar a rubuce. Kamfanoni sun bambanta: wani zai ƙirga maka tsoffin shekarunka, wani ya ce sun faɗi saboda tsaikon. In sun faɗi, sun faɗi.

Sai maganar abokinka, wadda na fi jin tsoronta gare ka fiye da fom ɗin. Gaskiya ne an ruwaito daga Abu Hanifa da almajirinsa Muhammad bin Hasan cewa Musulmin da ya shiga ƙasar yaƙi (wato ƙasar waɗanda ba Musulmi ba da ke gaba da Musulmi) da aminci zai iya karɓar dukiyar mutanenta ta hanyar cinikin da bai inganta ba. Amma abokinka ya ɗauki rabin maganar ya bar rabi. Sharaɗinsu shi ne mai dukiyar ya bayar da yardarsa, ya san abin da yake bayarwa, ba tare da yaudara ba. Ha'inci kam su ma sun haramta shi, domin wanda ya shiga ƙasa da aminci ya ɗauki alkawarin ba zai ci amanar mutanenta ba. To ina yardar kamfanin da ya yi maka rangwame kan bayanin da ka san ba haka yake ba? Ko a wannan ra'ayin, abin da yake kiranka gare shi haramun ne. Sannan shi kansa ra'ayin Abu Yusuf ya saɓa masa, Malik da Shafi'i da Ahmad ma ba su tafi a kai ba, kuma hadisin da aka jingina ra'ayin gare shi, wanda tabi'i Makhul ya ruwaito, mursali ne, wato bai ambaci sahabin da ya ji shi daga gare shi ba, Shafi'i ya ce bai tabbata ba. Ka duba kuma Mugira bin Shu'uba, wanda ya ci amanar abokan tafiyarsa mushirikai ya kwashe dukiyarsu tun kafin ya musulunta. Da ya zo, Annabi (SAW) ya karɓi Musuluncinsa ya ce babu ruwansa da dukiyar. Balle kai da kake zaune da takardar izini, 'ya'yanka suna makarantunsu, ana kiran salla a unguwarka. Wace ƙasar yaƙi? Kuma abin da mai ƙarya ya rage, sauran masu biya ake ƙara wa, cikinsu har da Musulmin da kuke sahu ɗaya.

Ta fuskar duniya ma cutar kanka za ka yi. Dokar Ingila ta 2012 kan bayanan mai sayen inshora ta ba kamfani damar soke yarjejeniya, ya ƙi biyan diyya, ya kuma riƙe kuɗin da ka biya, in ya tabbatar da gangan ka ba da bayanin ƙarya. Ranar da gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, ita ce ranar da za su tono fom ɗin. In kuma ka riga ka tura da 9, kira su yau ka gyara, ka biya bambancin, ka yi istigfari.

Tunda kana da dalilin komawa gida akai-akai, ka tambaye su sharaɗin barin gida babu kowa, domin da yawa suna rage kariya bayan kwana 30 ko 60. In za ka yi tafiya lokacin sanyi ka rufe ruwan gidan daga tushe, ka ba amintacce makulli yana leƙawa. Abokin naka kuma ka karanta masa wannan amsa cikin lumana, ka tambaye shi abin da shi ya rubuta a nasa fom ɗin, wataƙila shi ma yana da gyara.

Allah ne mafi sani.