Ƴan sizyem da ba su gane abin da suka karanta

Malama sannu da ƙoƙari, kin tambaya mi bincike ya ce kan yaran da ke shigowa sizyem, ajin farko na kolej, amma ba su iya karanta shafi guda su gane ba. Wallahi abin na ci mini rai, kuma ba Maradi kaɗai ba ne, gwajin PASEC na 2019, mai auna ilimin ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna kusan yaro 3 cikin 10 ne a Nijar ke gama firamare da karatun da ya isa.

Akwai dabarar da masu bincike Palincsar da Brown suka gwada a Amurka a 1984 kan yara sa'o'in namu. A raba su ƙananan ƙungiyoyi, a karanta sakin layi ɗaya sai a tsaya, a yi tambaya a kai, a warware kalmar da ta yi wuya, a taƙaita da baki, sannan a yi hasashen abin da zai biyo, kuma yaran ne ke karɓa-karɓa suna zama malami bayan kin nuna musu yadda ake yi. Fahimtarsu ta ƙaru sosai.

A aji irin namu da yara uku ke leƙen littafi ɗaya a kan benci, ni dai na ce ki bar su su taƙaita da Hausa tukuna sannan su maida Faransanci, don da yawa sun gane labarin, Faransancin ne ke ɗaure musu harshe. Amma wanda har yanzu da ƙyar yake haɗa baƙi, wannan dabarar ba ta ishe shi ba, ki ware irinsu kullum suna karantawa da ƙarfi kina gyara musu.