Yaya, ki bar jaket ɗin Ƙofar Wambai a inda kika gan shi

Yaya na ji saƙonki na murya, duka biyun, da na maganar jaket ɗin da kike son saya wa yaronki mai tahowa nan Kanada, wanda kika ce kin ɗaga a Ƙofar Wambai kika ji nauyinsa har kina cewa wannan ko Rasha zai shiga da shi, da kuma na ƙorafin da kika biyo da shi wai duk hoton da muka turo muna cikin baƙaƙen riguna kumbura-kumbura, ba atamfa ba leshi, maza ba hula, ko mun yar da kayanmu ne. Bari in haɗa miki amsar wuri guda don maganar ɗaya ce.

Kada ki saya. Ki riƙe kuɗinki ki ba yaron ya taho da su. Ba wai na raina gwanjo ba ne, mu ma nan gwanjo muke shiga, akwai shago Value Village babu wanda ke jin kunyar a gan shi ciki, kuma abin da bai sayu ba a irin shagunan nan wani kaso ake ɗaurewa dila-dila a tura ƙasashe irin namu. Matsalar ita ce wanda ke tsaye a Kano, yana gumi, ba shi da yadda zai auna rigar da za a sa a garinmu Winnipeg. Nauyi ba shi ne ɗumi ba. Sau da yawa ma mai kyan ya fi rashin nauyi, za ki iya danne shi ya shige jaka. Mai nauyin nan galibi kwat ne na ulu irin na mutanen Ingila, an yi shi don ruwan sama da sanyin digiri 5. Shi ya sa ma na ce kada ki nemi shawarar 'yan uwanmu na Landan a wannan maganar, su lema suka sani.

Sanyin Kano a tsakiyar muku-muku, lokacin da ake hura wuta a ƙofar gida ana fashin wanka, da kyar yake sauka ƙasa da digiri 10. Nan a Janairu, watan da yaron zai sauka, da rana tsaka ana wajen 11 ƙasa da sifili, da dare 20 da wani abu ƙasa da sifili, kuma wannan ranar lafiya ke nan. Firizar da kike daskarar da naman layya 18 ƙasa da sifili take, to ki ƙaddara ana buɗe ƙofar gida ana shiga abin da ya fi ta, a tsaya jiran bas a ciki. In iska ta taso, don garin fili ne fetal babu dutse babu tudu da zai tare ta, sai ki ji ana sanarwa jiki zai ji kamar 35 ko 40 ƙasa da sifili. A irin wannan ranar fatar da ke waje tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30, kunne da hanci da yatsu su ne farko. Don haka a wajenmu jaket ba ya cikin lissafin kwalliya, kayan aiki ne.

Yadda muke yi a nan kuwa, baƙo ba ya sayen jaket ɗinsa na farko kafin ya iso. Duk wanda zai ɗauko shi a filin jirgi da jaket yake zuwa a hannu, da hular sanyi da safar hannu, tun a cikin gini za a naɗe shi kafin a fita wajen mota. Kusan kowane gidan Bahaushe da ya kwana biyu a garin nan akwai kwabar da aka tara irin waɗannan, na yaran da suka girma, na wanda ya gama karatu ya koma, na wanda ya ƙara ƙiba. Ana sa sanarwa a gurup ɗin WhatsApp an samu baƙo, namiji, dogo siriri, kafin magariba wani ya ce akwai a wajensa. Ba sadaka ake ɗaukarsa ba balle ki ce za a raina miki ɗa, likita ma da na aro ya fara. In ya sayi nasa sai ya wanke na aron ya mayar ko ya miƙa wa na bayansa. Na riga na ware masa ɗaya na babansu, zai ɗan yi masa yawa amma yawa ya fi ƙaranci.

Sai ya yi sati biyu uku, ya ga yadda rayuwarsa take, sannan a kai shi saye. Wannan jinkirin yana da dalili. Mai mota wanda daga gareji sai ofis ba irin jaket ɗinsa ɗaya da ɗalibin da zai tsaya a tashar bas ƙarfe 7 na safe yana jiran motar Jami'ar Manitoba ba. Shi ɗalibi dogo yake buƙata, wanda ya rufe mazaunai ya sauko cinya, in ya kai gwiwa ma ya fi. Waɗannan gajerun masu tsayawa a ƙugu da samari ke so don hoto, suna da kyau ban musa ba, amma cinya ce ke biyan kuɗin gayun.

Abin da muke dubawa in mun shiga shago, farko takardar da ke ɗinke a ciki. In an cika shi da lallausan gashin agwagwa ko na dinya za a rubuta, misali 80 da 20, wato kashi 80 lallausan ne kashi 20 gashin fiffike. Akwai wata lamba kuma, 550 ko 650 ko 800, tana nuna yadda gashin ke kumbura ya riƙe iska, kuma iskar da ya riƙe ita ce ɗumin. Sai dai lambar ba ta faɗin yawan abin da aka zuba, ana iya samun 800 shafal wanda na kaka ne kawai, shi ya sa sai an taɓa an ji kauri. Aibin gashin agwagwa in ya jiƙe ya kwanta ya daina aiki, amma sanyinmu busasshe ne, dusar ƙanƙarar kakkaɓewa ake yi, don haka nan yana yi. Wanda aka cika da zaren roba ya fi araha, ya fi sauƙin wanki, kuma mai kyansa ya isa. Bayan nan a duba hular jikinsa ta rufe har gefen fuska, a duba bakin hannu akwai roba mai kama wuyan hannu daga ciki, zif ɗin akwai marfi a kansa don iska ta haƙoran zif take shiga. A gwada shi da suwaita a ciki, a ɗaga hannu sama, a zauna. In ya matse to bai yi ba, matsattsen jaket sanyi gare shi.

Kuɗi kuwa, abin da kika ji gaskiya ne, akwai jaket na sama da naira miliyan ɗaya. Na kamfanin Canada Goose ke nan, mai tambarin nan zagaye a dantse, dogayensu sun haura dalar Kanada 1,000 nesa ba kusa ba, har ɗinka wasu ake yi a garin nan. Yana da ɗumi, babu ƙarya. Amma rabin kuɗin na tambarin ne, kuma in kin ga yaro sabon zuwa da shi to ko dai babansa wani ne ko kuɗin haya ya taɓa ko jabu ne. Da dala 150 zuwa 400 ana samun wanda zai yi shekaru a shagunan Winners ko Mark's ko Costco, a gwanjo kuma ƙasa da haka sosai in an yi sa'a. Ki gaya masa farashin da ya gani a jiki ba shi zai biya ba, a nan lardinmu na Manitoba ana ɗora haraji kashi 12 a wajen biya, kuma babu taya-taya, kada ya je ya ce a rage masa. Ragin lokaci gare shi, ƙarshen Nuwamba, sai 26 ga Disamba washegarin Kirsimeti, sai kuma Fabrairu zuwa Maris da shaguna ke son kwashe kayan sanyi. Mu tsofaffin zama a lokacin muke sayen na baɗi, har na yara a ƙara musu lamba ɗaya.

Kuma jaket kaɗai ba ya yi. Ciki akwai riga da wando masu kama jiki, kada su zama auduga don auduga in ta sha gumi sanyi take mayar wa mutum, sai suwaita, sai jaket. Dalilin jerawar shi ne ko'ina a ciki akwai hita, gida da aji da bas da masallaci duk wajen digiri 20 ne, mutum yana shiga zai fara tuɓewa. Takalmi but mai ɗumi a ciki mai kaushin ƙasa saboda santsi, nan kam kada a yi rowa, gara a rage a jaket a ƙara a takalmi. Safar hannu mai haɗe yatsu wuri guda ta fi mai rarrabewa ɗumi.

To maganar mun yar da kayanmu. Yaya hoton waje kike gani. Ki zo suna ko walima ki tsaya bakin ƙofa ki ga abin dariya, mace za ta shigo a dunƙule baƙa wuluk da but kamar soja, ta shige ɗakin da aka tara jaket a kan gado, minti biyar ta fito cikin leshi da gwaggwaro da takalmi mai tsini da ta ɗauko a leda, turaren wuta na tashi. Wandon sanyin yana nan ƙarƙashin zanin ba mai gani. Maza kuma kaftani suke sawa a kan na cikin, jaket a sama, shi ya sa za ki ga shadda na leƙowa ta ƙasa. Babbar riga ba ta shiga jaket, sitacin karyewa yake, sai a rataye ta a mota a zura a wajen taro. Hula zanna ba ta rufe kunne, don haka tana aljihu ko a hannu har sai an shiga, ranar Juma'a a babban masallacin titin Waverley za ki ga ana cire ta ulu ana kafa ta gida a bakin ƙofa. Yanzu ma da ƙaramar sallah ta dawo Maris, kuma kowace shekara tana ƙara matsowa cikin sanyi da kwana 10 ko 11, haka za mu yi ta zuwa idi shadda a ciki jaket a waje.

Mu mata hijabi ya taimake mu, kunne da wuya a rufe suke dama, sai dai gyale shara-shara ba ya tare komai, mai kauri muke sawa. Doguwar abaya ce ke wahala, bakinta na sharar dusar ƙanƙara da gishirin da ake watsawa a titi, sai ta yi farin tabo, shi ya sa da yawa suke sa tela ya ɗage ta kaɗan. Baƙin da kike ƙorafi kuwa, jaket ɗaya mutum zai sa kullum wata biyar, dole ya zaɓi wanda ke ɓoye datti ya kuma shiga da kowane kaya. 'Yan matanmu da aka haifa nan su kam sun fara sa masu launi, ruwan ƙasa, ruwan toka, har fari, suna haɗawa da kalar mayafi.

Abin da za ki cika masa jaka da shi, kaftani kala uku huɗu a ɗinka da ɗan yalwa don abin ciki ya samu wuri, huluna, da man kaɗe mai yawa don iskar hita na busar da fata fiye da hunturu, leɓe da dunduniya har tsagewa suke. Ranar tafiya ya sa suwaita da safa da rufaffen takalmi, ya isa har ya iso hannunmu. Kilishi kada ki saka ko kaɗan, ba a shigowa da nama, karɓewa za su yi kuma suna iya cin tararsa. Ki turo min lambar takalminsa da ranar saukarsa, akwai but a gidan wata maƙwabciyarmu da nake so in tambaya tun kafin wani ya riga mu.